Ranar da Aka Sa Mahaifiyata Ta Faɗi Sunana

Ya Edita, lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Na dawo Zariya ina koyarwa, ina zaune da mahaifiyata da gwaggona kusa da Ƙofar Kibo, a tsakiyar dangin marigayi mahaifina, waɗanda duk Musulmi ne. Majami'armu tana can bayan ganuwa. Saboda ƙarancin masu ilimi a cikinmu, aka sa ni a majalisar dattawan ikilisiya ko aure ban yi ba, kuma kujerar ta shiga raina ƙwarai. Ni ne ɗan fari, don haka tun haihuwata mahaifiyata ba ta taɓa ambatar sunana ba. In abinci ya nuna, gwaggo take ce wa ta gaya wa wancan yaron.

Wata damina ciwon shawara ya kwantar da ni. Mahaifiyata ta je taron addu'a na ranar Laraba, ta roƙa a sa yaron gidansu a addu'a. Sabon mai bishararmu, mutum mai himma da tsoron Allah, ya tashi ne a ƙasar da uwa kan kira ɗanta na fari da sunansa ba tare da wani nauyi ba. Ya ce ta faɗi sunan. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ya ɗauka tsoro take kada iskoki su ji sunan su ƙarasa ni, ya ce wannan camfi ne, ya dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwarsa, har sai ta faɗi sunan a gaban jama'a.

Da na warke, aka kawo maganar majalisa ina zaune. Wata tsohuwa, shugabar zumuntar mata, ta shigo ba a kira ta ba. Ta ce wa mai bishara in haka ne ya fara da ita, don tun tana amarya har ta ga jikoki ba ta taɓa faɗin sunan maigidanta ba, ga shi nan kuwa zaune cikin dattawa yana gyangyaɗi, babu iskar da ta ɗauke shi. Aka yi dariya, amma mai bishara bai yi ba. Ya juyo gare ni, ya ce ni da na yi karatu in faɗi gaskiya, wannan al'ada ta haske ce ko ta duhu? Na san amsar sarai. Amma na ji tsoron a ce karatuna bai raba ni da ƙauyanci ba, sai na ce hukuncin majalisa shi ne nawa. Majalisa kuwa ta goyi bayan mai bishara.

A gida mahaifiyata ta aiko gwaggo, ta ce a gaya wa yaron ita ba iska take tsoro ba, kunya take ji, kuma Allahn da ya ba ta ɗa ya san sunansa. Na mayar da amsa cewa ta daure ta yi biyayya, kada a ce gidan dattijon ikilisiya ne ya ƙi horo. Gwaggo ta dube ni, ta ce ashe dattijo take daka wa fura ba ta sani ba.

Ranar Lahadi mahaifiyata ta miƙe a gaban ikilisiya ta faɗi sunana. Matan da ke kusa da ita ne suka sunkuya. Aka ba ta gurasa da ƙoƙo ta karɓa, aka tashi, ta koma gida ita kaɗai ba ta jira mu ba. Bayan kaka ta ce za ta je ganin wanta a ƙauye, ba ta kuwa dawo ba. Garin babu majami'a. Nakan hau keke in je in gaishe ta, in tarar tana addu'arta yadda ta saba, amma tun daga ranar nan ba ta sake zama a teburin Ubangiji ba. Mai bisharar da kansa ya je ya ba ta haƙuri da ya gane. Ta ce ta yafe, sai dai ba ta da idon da za ta sake duban mutanen da suka ji ta.

Abin da na koya shi ne, ba kowane abin da shugaba bai saba da shi ba ne zunubi, kuma horo da aka yanke cikin rashin sani ya fi saurin korar mai biyayya a kan mai taurin kai. Ina roƙon masu riƙe da ikilisiyoyi su tambayi tsofaffin wuri kafin su yanke hukunci. 'Yan'uwana matasa da ake ɗorawa a kujera saboda karatu kuwa, idan aka tambaye ku abin da kuka sani, ku faɗe shi a lokacin. Ni na faɗa daga baya, bai dawo da kowa ba.