Fiton Yaya Ok-ryeon

A ƙauyenmu na tsibirin Jeju, mace in ta yi nutso ta taso daga ƙasan teku, da fito take sakin numfashin da ta riƙe. Da shi muke sanin kowacce na raye, shi ya sa ba a barin marar fito ta shiga zurfi. Na Yaya Ok-ryeon dogo ne siriri, mai lanƙwasa a ƙarshe, ko cikin hazo ina gane shi.

Ta girme ni da shekara shida, ita ta koya mini ruwa, da zagi da komai. Sa'ad da ƙari ya fito mata a muƙamuƙi, likita ya ce ba mugun ba ne, amma gara a yanke ƙashin. Ta ƙi, ta ce a kankare kawai, kada a taɓa mata fito. Aka kankare. Ta je asibiti a duba ta sau biyu, ta ce ta warke.

Shekara bakwai muka yi kamar a mafarki, ruwa kore, rana na gangarowa har kan ciyawar ƙasan teku. Hular robar nutso tana rufe haɓa, saboda haka ba wadda ta ga kumburin ya dawo. Kunnena ne ya tona ta. Wata safiya fitonta ya fito ba lanƙwasa.

Da muka zauna jin ɗumi na ce ta cire hular.

"Ke Bok-sun, kunnenki ya cika tsini," in ji ta. Ta cire.

Wannan karon sai da aka yanke, aka ciro ƙashi daga ƙwaurinta aka yi mata haɓa. Ƙafa ta warke, leɓen ƙasa kuwa ya mutu. Ta hura, iska kawai. Na yi kuka, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Da bazara ta ɗauki goran da take dafawa a saman ruwa ta biyo mu teku, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a bar ta, ni zan tsaya kusa da ita. Yanzu in na taso na yi nawa fiton, sai in jira kanta ya ɓullo, in yi nata.

Ranar farko ta goge ido ta dube ni.

"Ba haka ake lanƙwasa shi ba," ta ce. "Sake."