Simintin da Na Zuba wa Goɗiya

Ni mutum ne mai son tsafta har ta yi yawa, maiɗakina ta faɗa har ta gaji. Shekarun da na yi ina aikin duba-gari su suka ɓata ni. Don haka da yayana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka kawo mini goɗiyarsa daga Kausani bisa wasiyyarsa, abin da ya fara damuna shi ne ƙasan turke. Yashi, fitsari, ƙudaje. Na ce a gidana? Wallahi ba za ta saɓu ba. Na kira magini ya zuba siminti, ya shafe shi sumul. Kowane baƙo ya zo sai na ja shi ya gani. Kullum da safe ni ne da bokiti, in wanke daɓen, in wanke mata ƙafafu, ina jin kaina gwanin kiwo.

Da damina ta yi nisa sai ta fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Harawa ma sai ta sansana ta kau da kai. Ga wani wari da ya ƙi fita, duk da wankin da nake yi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Yayana ya riƙe dabbar nan shekara da shekaru ba ta taɓa ɗingishi ba, ni kuwa cikin 'yan watanni ina neman nakasa amanarsa.

Wani maƙwabcina ya ce akwai tsoho a Dagumawa mai gyaran kofato, na aika aka ɗauko shi a babur. Siriri ne, da 'yar jakar fata a hammata. Muka gaisa, amma gaisuwar da ya yi wa goɗiyar ta fi tawa tsawo. Ya shafa wuyanta, ya gangaro da hannu a hankali, ya ɗaga ƙafar ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. Sai ya kai hanci ya sansana.

Ya ce, "Malam, wa ya ba ka shawarar wannan daɓen?"

Na ce, "Ni na ba kaina, Baba. Tsafta ai aikina ce."

"To sannu da ƙoƙari. Asibiti ka gina mata ke nan."

Raina ya ɗan sosu, amma na haɗiye. Ya ce kofato bushewa yake so. Yashi yana shanye fitsari, a kwashe jiƙaƙƙen a zuba sabo. Siminti kuwa ba ya shan komai, ga ni kuma ina ƙara masa ruwa kullum. Tsakiyar kofaton ce ta ruɓe, in ruɓar ta kai nama, da wuya ta ƙara taka ƙafar daidai.

Ya fito da wuƙa mai lanƙwasa ya shiga fere baƙin wurin, kaɗan-kaɗan, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ni ina riƙe da ragama, bakina sai salati. Can ya ɗago ya ce, "Alhamdulillahi, bai kai ba. Saura ƙiris." Ya wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ya cusa auduga, ya rage tsawon sauran kofatan ya goge su da magagari. Yana ɗaure jakarsa ya tambaye ni, "Yaushe rabonka da ka ga ta kwanta?"

Na ce, "Haba Baba, doki ai a tsaye yake barci."

"Yana yi. Amma yakan so ya sauke nauyinsa. Wa zai kwanta a kan wannan, ga tauri ga santsi?"

Na shiga tunani. Tun ranar da simintin ya bushe ban taɓa ganin gefenta a ƙasa ba, kuma ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Kunya ta rufe ni.

Washegari na ari guduma na fasa daɓen da hannuna. Maiɗakina tana bakin ƙofa tana dariya, wai yau duba-gari ya kama kansa. Na sa aka kawo yashi busasshe cikin amalanke, muka baza shi da kauri.

Yanzu ƙafar ta warke sarai, nakan hau ta da yamma mu zaga bakin kogi. Tsohon yakan zo rage kofato lokaci-lokaci, kuma bai taɓa shigowa bai buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Ba ka ƙara ba dai ko?" Mu yi dariya, a kawo masa fura.

Amma ranar da aka zuba yashin nan ba ta fita raina. Na dawo da ita turke, ta sunkuya ta sansana, ta tona da ƙafa. Sai ta durƙusa, ta zube, ta yi birgima dama da hagu, ta miƙe ƙafafu ta saki wani dogon numfashi. Na zauna a kan bokitin da nake wanki da shi, hawaye na zuba, na ce, "Yaya, ka yafe mini, ban sani ba." Har aka kira la'asar ba ta tashi ba, ni ma ban tashe ta ba.