Gadar Kiryar da Baba Ya Yi a Ƙofar Sauri

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sada kafinta. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, saboda akwai abin da ya shiga tsakaninmu wanda na daɗe ban iya faɗa ba.

Gidanmu yana Ƙofar Sauri. A da akwai wani babban lambatu da ya raba layinmu da masallaci da hanyar kasuwa. Da damina yakan cika ya tumbatsa, tsofaffi su yi salla a gida, mata su yi dogon zagaye da kaya a ka. Ina firamare Baba ya yi masa gada ta katako, ya haɗa ta da 'yar hanya da ta bi gefen ruwan har bakin titi. Da itacen kirya ya yi ta, amma bai sare ko bishiya ɗaya ba. Wata uku ya yi yana bin ƙauyuka a keke, yana cigiyar inda iska ta kayar da itace ko inda ya bushe a tsaye.

Haka yake a duk sana'arsa. Masu kawo masa katako sun haddace tambayarsa: "Wanga ina aka saro shi, kuma wa ya shuka madadinshi?" In babu amsa, sai ya ce a kai gaba. Ayyuka da yawa sun kuɓuce masa ta haka, kuma mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa ɓoye fushinta ba.

Ni ce ta fari a gidan da ta je jami'a. Zanen gine-gine na karanta, kuma Baba ya fi kowa murna. Da na dawo sai na kama aiki da wani kamfani, aka ba mu aikin gyaran magudanun ruwa na unguwarmu. Ni na zana inda za a zuba siminti, ni kuma na sa alamar cire gadar. Na kai masa takardar a rumfarsa da hantsi, ina tsammanin yabo.

Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ita gadar fa, Dije?"

Na ce, "Baba, zamanin katako ya wuce. Siminti ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa."

Ya miƙo mini takardar. "Shekara goma sha tara tana cikin ruwa da rana. Ba ki tambaye ni mi ya hana ta ruɓewa ba."

Na yi dariya, na naɗe takardata, ban tambaya ba. Ranar da leburori suka zo da guduma, ya roƙi a bar shi ya kwance ta da kansa. Yini biyu yana zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ya raba katakon ga maƙwabta, wasu suka yi benci, wasu murfin rijiya. Ba mu yi faɗa ba. Kullum ina gaishe shi, yana sa mini albarka, amma maganar katako ba ta sake haɗa mu ba. Da damina ta zagayo ya kwanta ciwon kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Yau ga yadda zamani ya juya. Masu gina otal da lambun shaƙatawa da manyan makarantu suna zuwa ofishina da hoto a waya, suna cewa hanyar katako suke so a waje, irin ta manyan birane, kuma da itacen da aka shuka don a sare, ba na daji ba. Shekara uku da suka wuce na yi ta farko a wani lambu. Na sayi katako mai kyau, na sa aka jera shi a matse, ba ko kafar allura, don ya yi kyau a ido. Da ruwan farko ya sauka, katakon ya kumbura, ya banƙare. Wata dattijuwa da ta zo biki ta yi tuntuɓe a kai, ta karye a wuyan hannu. Na je na duba ta a gida. Ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya kiyaye gaba," kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Washegari na tafi wurin Baba Bulus. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya fi shekara arba'in yana sayar da katako a Katsina, kuma shi ne babban aminin mahaifina. Muka gaisa, ya tambayi Inna da yara, na faɗa masa abin da ya faru. Bai nuna mamaki ba. Ya ɗauko guntayen katako biyu ya ɗora a gwiwa. Ya ce a shanya katako a inuwa, a sa tsinke tsakani don iska ta ratsa, a bar shi ya ga rani ya ga damina kafin a taɓa shi. Ya ce a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. A bar tazarar kaurin ƙusa tsakanin kowane biyu, ruwa ya samu hanya, itacen ya samu wurin motsi.

Na ce, "Baba Bulus, ashe abin ke nan."

Ya ce, "Shi ke nan, 'yata. Ranar da babanki ya gama kwance gadar nan ya zo ya zauna inda kike zaune. Ya ce, Bulus, duk ran da Dije ta zo tambaya ka faɗa mata duka, kada ka yi mata gori."

Ban san lokacin da na rufe fuska da mayafi ba. Ya ƙyale ni har na gama kuka.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yi dariya ya ga tambayarsa, wadda aka riƙa yi masa kallon taurin kai a kanta, ta zama takardar shaidar da nake nema kafin in karɓi katako. Amma ba na jin dariyar za ta daɗe. Kiryar da ya sani ta tafi a buhunan gawayi, yanzu sai mun aika kudu mai nisa, gandun da ake shukawa, kafin mu samu abin da za mu shimfiɗa. Simintin da na zuba a unguwarmu yana nan, ya fi gadar faɗi, har keke mai ƙafa uku na bi ta kai. Ba na nadamar aikin. Rabin sa'ar nan nake nadama, da zan iya zama a rumfarsa in saurara.

Bai bar gini da sunansa ba. Abin da ya rage nasa yana warwatse ne a bencin ƙofar gidajen mutane, da bakin abokinsa, da kuma ɗan abin da ya iso hannuna a makare.

Na kwance hanyar lambun nan na sake ta yadda aka koya mini. Damina biyu ta gani, ba ta motsa ba. Watan jiya na kai Inna, don ta ce tana son gani. Ta tsufa, sai da sanda. Ta cire takalmi ta taka a hankali har ƙarshe, ta zauna a kan dakalin katakon da ke can. Ranar an shafa masa mai, rana kuma ta buga shi. Ta shafa da tafin hannu, ta kai hanci.

Ta ce, "Ƙamshin rigarshi ke nan."

Na ce ko mu tafi, rana ta yi zafi. Ta ce in bari tukuna. Muna nan zaune har aka kira la'asar.