Sunan Yaya Ya Cinye Mako

Yaya tela ce, ita ce babba a ɗakinsu. Tun tana goyon ƙannenta ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba, su kuwa suka ɗauka ba ta da ƙashin baya irin na mutane.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyarsu, suka taru a falo aka raba kwanakin jinya. Auta, ɗan ofis, ya ce zai tsara a kwamfuta ya tura wa kowa ta waya. Abin layi-layi ne, 'yan ɗakuna a jere, kowace rana da ɗakinta da sunan mai zuwa. Garin iyayi sai ya haɗe ɗakunan suka koma guda mai faɗi. Ashe na'urar in ta haɗe ɗakuna, sunan farko kaɗai take bari, ta share sauran. Na farko kuwa na Yaya ne.

Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Makantar ganin dama!

Yaya ta yi ta juya tsohuwa, wanka, magani, wankin zannuwa. Shago a kulle, masu ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu. In aka ƙara mako a haka, sai dai ta sayar da keken ɗinkin.

"Auta, ina sunanka?"

"Yaya, wallahi kwamfuta ce. Zan gyara."

"Kwamfutar ce za ta zo ta juya Mama?"

Bai gyara ba. Yaya ta bar maƙwabciya da tsohuwa, ta yafa mayafi, sai shagon mai buga takardu da ke jikin nata. Mai shagon ta buɗe tsarin na Auta a kwamfutarta, ta miƙa hannu za ta gyara.

"Kar ki gyara min, 'yar nan. Nuna min."

Hannun da ya saba da almakashi, linzamin kwamfuta ya yi ta zille masa. Ta danna nan, abin ya gudu can. Ta yi tsaki, ta gyara tabarau, ta sake, har ɗakin ya tsage, 'yan ɗakunan suka dawo. Sunanta ya koma lungunsa na Litinin, sauran duk wayam.

"Ina sunayen?"

"Ai rabawa ba ta dawo da su, Yaya. In rubuta miki?"

"Bar su haka. Ara min na'urar."

Da yamma ta kira ƙannen, ta dire kwamfutar a kan tebur kusa da gadon tsohuwa.

"Ga nawa. Ga ɗakuna babu kowa. Mai uwa ya zo ya shiga."

Aka yi ta sosa ƙeya. Tsohuwa tana kallo da idonta mai lafiya. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuya, kowa ya buga sunansa da yatsansa. Da Auta ya matso, Yaya ta riƙe linzamin.

"Kai rubutu kawai. Wannan ba na yara ba ne."

Ranar Talata tun da hantsi aka ji kekenta yana ƙara.