Wa Ya Sa wa Kawu Arzika Farar Shadda?

Duk wanda ya zauna Filingue ya san ba a neman Kawu Arzika da tambaya. Tsayawa kake yi a bakin kasuwa ka ɗaga ido. Inda ka hango rigar kaki a sama, wando mai zanen ganye kore da ruwan lemo a ƙasa, taguwa mai ɗigo-ɗigo ja tana leƙowa ta wuya, ga hula shuɗiya da ba ruwanta da sauran, to shi ne, ba wani ba. A haka ya yi aikinsa na allurar dabbobi ƙauye-ƙauye har ya tsufa ya aje. Bayan ya aje ma bai cire rigar kakin ba, ya ce ai ba wanda ya zo karɓa.

Raina a ɓace yake, gara in faɗa tun yanzu. Ni ce Ramatu, 'yar ƙanwarsa, kuma wanda ya ɓata mini rai Isufu ne, ɗansa da ke aikin biro, wato ofis, a Yamai. Taubashina ne, don haka duk abin da na gaya masa a nan dole ya haɗiye. Isufu ya zo sadakar arba'in ta rasuwar Kawu da wani ƙaton hotonsa cikin gilashi, wai na ratayewa a ɗakin Inna Tani, matar Kawu. Ya kai hoton wurin masu gyara a kwamfuta, sun tuɓe wa bawan Allah kayansa, sun zura masa farar shadda da farar hula. Ita kuwa Inna Tani yanar ido ta daɗe da rufe mata gani. Fuska ba ta gani, launi kawai take rarrabewa, kuma wannan hoton shi kaɗai za a bar mata na mijinta.

Mutane suna cewa Kawu bai iya sa kaya ba. Ƙarya ce! Yana da dokokinsa, kuma ya fi alƙali riƙo da su. Ranar da zan fara koyarwa a lakkol na zo gaishe shi sanye da atamfa iri ɗaya daga ɗankwali har zane, ina jin ba kamata. Ya dube ni sama da ƙasa ya girgiza kai.

"Ramatu, katihwa anka aike ki ki zama?"

"Kawu, ai haka aka sawa."

"Haka marasa ido ka sawa. Saurara. Babban hure shi tahi da ƙaramin hure, kar manya biyu su haɗu, hwaɗa za su yi. Launin da ag ga riga shi samu ɗan'uwa ga zane, ko ɗigo guda na. Sannan ki aza abu guda mai sanyi bisa, shi raba gardama. Ni kakina ka yi min wanga aiki."

Na yi dariya na tafi. Yau ga ni, rabin kayan aikina haka nake haɗa su, zanen wannan turmi da rigar wancan, da mayafi ruwan ƙasa a sama, malaman lakkol suna tambayata wace tela ke ba ni shawara.

Turmin atamfa kuwa bai taɓa saye ba. Kwana biyu bayan kowace Sallah zai bi shagunan teloli da buhu yana tsintar ragowar ƙyalle. Telolin har ware masa suke yi, ƙyallen da launinsa ya fi kowanne ihu a ajiye wa Arzika. In ka ce masa rowa ce, sai ya ce shi ceton marayu yake yi.

Ba zan manta da shef ɗin, wato shugaban wurin aikinsu, da aka turo musu daga Yamai ba, wani matashi mai son tsari. Ranar farko ya ga Kawu ya shigo da wando mai zanen agogo da tsuntsaye, ya kira shi gefe.

"Malam Arzika, nan wurin aiki na, ba gidan biki ba."

"Shef, gwamnati riga tab ba ni, ga ta na sa. Daga ƙugu zuwa ƙasa nawa na."

Shef bai yi wasa ba, ya sa aka ɗinko masa wandon kaki, ya ce daga gobe shi zai riƙa sawa. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, zafin da ko jaki inuwa yake nema. Washegari sai ga Kawu da wandon tsuntsayensa, yana tafiya da ƙyar kamar an ɗaure masa ƙafa, gumi na zuba. Shef ya miƙe a fusace.

"Ina wandon da nib ba ka?"

Kawu ya duƙa a hankali ya ɗage ƙafar wandon atamfa. Ga kaki nan a ciki, a goge.

"Ka ce in sa. Na sa."

Haka ya yi ta zuwa da wando biyu har ƙuraje suka feso masa. Shef ne ya gaji, ya zo har gida yana ba shi haƙuri, don ya ji tsoro kada tsoho ya faɗi a bakin aiki a ce shi ya kashe shi.

Makiyaya ma sun yi nasu ƙoƙarin. Shanun ƙasar Kurfey kaf sun haddace shi, suna hango launukan nan daga nesa sun san allura ce ta iso, sai garke ya watse. Wani dattijon Bafulatani ya same shi a kasuwar Baleyara ya roƙe shi, don Allah in zai zo rugarsu ya sa kaya irin na mutane, ya daina korar musu dabbobi.

"Ni ba ɓarawo ba na da za ni lallaɓo ma saniya," in ji Kawu. "Ta gan ni, ta shirya."

Yana cikin wannan bayani, hannu a ƙugu, ashe wata akuya ta zagayo ta baya ta kama ganyen da ke jikin wandonsa tana tauna. Kasuwa ta ɗauki dariya. Ko gezau bai yi ba. Ya juya ya dubi akuyar, ya dubi jama'a.

"Kun gani? Dut kasuwag ga ita ɗai ta mai ido."

Amma babbar abokiyar gabar wandunan nan tana cikin gida. Inna Tani tun tana amarya take yaƙi da su. Ta ɓoye su a rumbu, ya tono su suna warin hatsi ya sa. Ta ba wani baƙo kyautar guda, baƙon ya dawo da shi kafin la'asar. Da abin ya ishe ta sai ta jiƙa wanda ta fi tsana, mai ganyen nan, cikin ruwan jabel mai faranta tufa, wai ya kashe launin kowa ya huta. Wando ya fito dabbare-dabbare, nan fari, nan kore, nan wani launi da ba shi da suna. Kawu ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo.

"Tani! Ashe kin iya rini kika ɓoye min shekara da shekaru?"

Ya sa shi ya tafi Juma'a. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Da idonta ya fara mutuwa sai faɗan ya ragu, ko da yake ba ta taɓa yarda ta ce ta sauka ba. Da yamma takan zauna a ƙofar gida kan tabarma. Mutane su yi ta wucewa, duk inuwa ce a wurinta. Amma da kore da ruwan lemo sun ɓullo ta kan kwana sai ka ji ta ce, "Ga mahaukacin nan ya taho, ku aza ruwa." Ba ta taɓa kuskure ba. Na kuma lura, tun daga lokacin Kawu ya daina tsintar ƙyalle mai duhu ko mai fatsi-fatsi, sai mai haske. Na tambaye shi dalili, ya ce in kama gabana.

Shi wannan hoton da ake magana, a bikin Isufu aka ɗauke shi. Isufu ya aiko wa ubansa farar shadda ɗinkin Yamai, da saƙon roƙo, don Allah Baba rana ɗaya tak, surukaina manyan mutane ne. Kawu ya sa. Mu duka muka riƙe baki. Ya zauna cikin dattawa shiru kamar mai zazzaɓi, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Mai hoto ya jera mutane, ya ce kowa ya tsaya da kyau. Nan take Kawu ya kama wuyan babbar riga ya zare ta ta kai, ya miƙa wa na kusa da shi. Ga kaki, ga taguwa mai ɗigo ja, ga wandon jabel.

"Baba!" in ji Isufu.

"Na sa maka ita wurin ɗaurin aure, don naka na. Hoto kau nawa na, shi ka zama bayan na mutu. Ɗauka, yaro!"

Kun ji fa. Da bakinsa ya faɗa, gaban shaidu. Shi ne Isufu ya jira sai da ƙasa ta rufe idon mutum, sannan ya biya kuɗi aka mayar masa da rigar da ya cire da hannunsa.

Ranar arba'in, bayan malamai sun tashi, Isufu ya buga ƙusa a ɗakin Inna ya rataye hoton. Abokan aikinsa na Yamai suna cewa ma sha Allah, dattijo mai kamala. Inna tana zaune bakin gado. Ta ɗaga kai, ta juya nan, ta juya can.

"Kun rataya?"

"Ga shi gabanki, Inna."

"Ni bango nika gani."

Aka sauko mata da shi. Ta kawo shi dab da fuskarta, ta shafa gilashin da tafin hannu, ta daɗe.

"Wa na wanga?"

"Baba na, Inna."

"A'a. Wanga wani alhaji na. Ku mai da ma masu shi, kar su yi ta nema."

Ba da wasa ta faɗa ba. Ni kuwa jinina ya hau. Na ja Isufu waje, ban damu da baƙinsa ba.

"Kai, taubashi, wa ya aike ka?"

"Ramatu, kala suru, yi haƙuri. So nike a tuna da shi da mutunci. Kin san yadda mutane ka dariya."

"Su yi ta yi! Shi ya ji kunya? Hwarin kaya sau guda munka sa mai daga sama har ƙasa, likkahwani, wannan kau umurnin Allah na, ba shi da bakin musu. Na biyun ga kai kaƙ ƙirƙiro shi. Ka ɗauke ma tsohuwa mijinta sau biyu cikin kwana arba'in!"

Na san maganar ta yi zafi. Ban janye ta ba, har gobe ma ba zan janye ba.

Kayan Kawu suna nan cikin akwati, don da aka fitar da su sadaka ba wanda ya karɓa. Wani tsoho ma da aka miƙa wa wandon tsuntsaye cewa ya yi Allah ya jiƙan mai shi, amma shi yana da jikoki. Na buɗe akwatin na zaro rigar kaki, na sa taguwa mai ɗigo ja a cikinta yadda wuyan zai leƙo, na haɗa da wandon jabel. Na shiga ɗaki na rataye su a ƙusar da Isufu ya buga.

Inna ta ɗago kai. Daga inda take zaune, ba ta matso ba, ba ta miƙa hannu ba.

"Ga ka nan," ta ce. "Kai da wandon ga naka. Ban taɓa son shi ba, Arzika. Ko rana guda ban taɓa son shi ba."

Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Isufu yana tsaye a bakin ƙofa da alhajinsa a hannu. Ya juya hoton ya jingina da bango, ya durƙusa a gaban uwarsa yana kuka. Da zai koma Yamai ya ce zai sa a wanko na ainihin ya aiko. Ina jira, taubashi, kuma zan duba shi da kyau, ko hular aka taɓa zan sani.

Kayan suna nan a ƙusa. Inna ta hana a sauke su ko don wanki, da safe in ta idar da salla wajensu take fara juyawa.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Malamai sun ce tufafin 'yan Aljanna kore ne. Allah ya tufatar da shi da su, ya ba Inna Tani haƙurin rashinsa. Ranar da za su haɗu kuma, ya Allah, ka buɗe mata ido ta gan shi tun daga nesa. Amin.