Doyar da Aka Datsa Uku

"To ka bar ta ta ruɓe a nan," in ji Nakaiya. "Wata tara kana lallashinta kamar jaririya, yanzu kuma ka zauna gadinta har ta yi wari."

"Gara ta ruɓe a gonata da ta shiga buhu."

"Kai dai da buhun nan naka. Shekara guda cur ba mu ci abinci ba tare da ka ambaci buhu ba."

Moyabana ya ci gaba da aikinsa kamar ba da shi matarsa take ba. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar da ya kafa a tsakiyar gona, da ɓawon kodi a hannunsa, yana aske ƙananan saiwoyin da ke jikin doya ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ya ƙwarzane fatarta. A gabansa ga tarin doyar bana, ya jera ta ta yi tsini har ta kai ƙirjin mutum, manya masu santsi a waje, sauran a ciki. A gefe kuma ga kuvi, doguwar doyar nan da ba a samun irinta sai an haƙa rami mai zurfi an tsince duwatsu da hannu. Ya ɗaure ta tsakanin sanduna biyu don kada ta karye. Ta bana ta fi shi tsawo da taƙi guda.

Ba tasa ba ce. A tsibirin Kiriwina namiji ba ya cin mafi kyawun doyarsa. Abin da ke shiga tukunyar Moyabana daga 'yan'uwan Nakaiya yake fitowa, shi kuma abin da ya noma na ƙanwarsa Ibowata ne, a kai shi rumbun da ke ƙofar gidan mijinta Towesi, a tsakiyar ƙauye inda kowa zai gani. Duk tarin da ke gonakin maƙwabta an riga an kwashe. Kwana huɗu ke nan ana busa ƙahon kodi, ana wucewa da kwanduna ana waƙa. Nasa kaɗai ya rage, domin ya yi rantsuwa ko ƙwara ɗaya ba za ta taka ƙofar Towesi ba.

Yana da shekara goma sha biyar kawunsa ya fara yanka masa fili. Ya miƙa masa dagin itace, sannan ya nuna wata yarinya mai majina da ke wasa da ƙasa a bakin shinge, ya ce, "Ka ga waccan? Ita za ka noma wa har bayanka ya lanƙwashe. Ƙasar nan ta cikin mata take bi, 'ya'yanta ne za su gaje ka." Ibowata ce, lokacin shekararta biyar. Moyabana ya yi dariya, kawun bai yi ba.

Moyabana ya ga shekarar da ruwa ya ƙi sauka, mutane suka koma cin 'ya'yan itacen daji da ƙaguwa. A shekarar ya ɓoye irin doya a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa, yana kwana a kai cikinsa na kuka, Ibowata na kukan yunwa a ƙofa, bai ba ta ko guda ba. Da damina ta dawo, daga wannan irin rabin ƙauyen suka shuka. Sau ɗaya ya taɓa barin tsibirin, ya tafi aikin gonar kwakwar manja kusa da garin Alotau, can ƙetaren teku. Bai cika wata bakwai ba. Wata safiya ya ji iska ta juya, ya san ganyen doya ya fara bushewa a gida, sai ya ajiye lauje ya nufi bakin jirgin ruwa. Yakan ce bai gane noman da mutum zai yi bai san bakin wanda zai ci ba.

Da Ibowata ta yi aure, Towesi ya yi shekara shida ba shi da rumbu, don mutum ba ya gina wa kansa, sai ɗan'uwan matarsa ya ga ya cancanta. Moyabana ne ya sare itatuwan, ya jera su da tazara yadda za a riƙa hango doya ta tsakaninsu, ya sassaƙa allunan gaba ya shafa musu ja da fari da baƙi. Tun daga ran nan bai taɓa barin rumbun da gibi ba, har a shekarar da aladu suka fasa masa shinge.

Bara ne abin ya faru. Towesi ya buɗe ɗan kanti a gefen gidansa, gishiri da kananzir da kifin gwangwani. Bayan an cika masa rumbu da sati uku, Moyabana ya je garin Losuia da ke bakin teku neman magagari don wasa adda, ya biyo ta bakin jirgi. Sai ya ga buhuna jere a kan katako, ya ga surukinsa tsaye a kansu. Ba sai an buɗe masa ba, mutum ya san doyarsa ko daga yadda ta tokare buhu. Can gefe kuvin bara ce a kwance, har da ganyen adon da ya ɗaura mata da hannunsa. Ta ƙi shiga buhu. Towesi ya juya ta nan, ya juya ta can, sannan ya ari adda a wurin wani mai jirgi ya datsa ta uku. Farin ruwanta ya tsiyaya a kan katakon.

Da ya ɗago ya ga Moyabana, ko kunya bai ji ba. Ya yi murmushi ya ce, "Suruki, a Alotau ba a cin tsawo."

Moyabana bai sayi magagarin ba. Ya tako da ƙafa har gida.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya haɗiye. Amma bayan wata uku kawun Towesi ya rasu, aka taru daga ƙauyuka biyar, lokacin rabon doya ga masu makoki ya zo, aka duba rumbu wayam. Shinkafa aka dafa wa mutane da kifin gwangwani. Moyabana na zaune a cikin maza ya ji wata tsohuwa a bayansa tana cewa, "Ashe Ibowata ba ta da ɗan'uwa mai hannu." Wata ta ce, "Tana da shi, tsufa ne ya ci ƙarfinsa." Babu wanda ya ambaci sunan Towesi. Rumbu in ya zama fanko, ba mai rumbun ake zagi ba, wanda ya kamata ya cika shi ake zagi.

Wannan ne ke cinsa, kuma Nakaiya ta haddace maganar tun daga farko har ƙarshe. Wane sarki ne ya taɓa zama sarki a tsibirin nan ba da doyar surukansa ba? Da me aka ciyar da masu sassaƙa manyan kwalekwale? Masunta da me suke karɓar abin ba da kifinsu? Aure da doya ake ɗaura shi, gawa da doya ake sallamarta. Sai ga mutumin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi ya ɗauki adda ya sare aikin wata tara don ya dace da bakin buhu.

"Ga ta nan tafe," in ji Nakaiya a hankali. "Ka gyara fuskarka, ta yi kamar ta wanda ya tauna ɗanyen rogo."

Ibowata ta ƙetaro shinge ta matakalar itace, tana riƙe da gwiwa. Ita ma yanzu furfura ta cinye mata kai. Ta gaida Nakaiya, ta zauna a bakin rumfa, ba ta kalli tarin doyar ba. Ta ciro buwa, ɗan itacen nan da ake taunawa kamar goro, daga ɗan kwandonta ta fasa da haƙori, ta miƙa wa yayanta rabi da ƙoƙon farar ƙasa. Ya karɓa, don ba a mayar da buwa ko ana faɗa.

Suka tauna har bakinsu ya yi ja.

"Yaya, ba roƙo na zo yi ba."

"Da ma ban ce ki roƙa ba."

"Na san abin da ka rantse, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba. Zuwa na yi in gaya maka da bakina kafin ka ji a bakin matan rijiya." Ta tofar da jan yawu gefe. "Jirgi ya zo shekaranjiya da kayan kanti. Ɗakin ajiya na yoyo. Towesi ya ce tunda rumbu a bushe yake, rufinsa kuma mai kyau ne, ba kuma abin da za a sa a ciki bana..."

Hannun Moyabana ya tsaya a kan doyar da yake askewa.

"Shinkafa ya zuba a ciki," in ji ta. "Ana hango buhunan ta tsakanin itatuwa, da jan rubutu a jikinsu. Masu wucewa da kwandunan doya har rage tafiya suke yi don su karanta."

Nakaiya ta rufe baki da hannu. Ko dariya ce ta zo mata ko mamaki, ita kaɗai ta sani.

"A rumbun da na gina," in ji Moyabana. "Itacen da na jawo daga bakin teku a kafaɗata. Ke kuma kina tsaye kina kallo?"

"Me kake so in yi, in dake shi? Na yi wata guda bara ban dafa masa abinci ba, a gidan ƙanwarsa yake ci, har ya yi ƙiba." Ta goge bakinta. "Ga abin da ya kawo ni. In ba za ka cika shi ba, ka zo ka rushe abinka. Kai ka gina, kai ke da ikon rushewa. Na fi son a ce Ibowata ba ta da rumbu da a riƙa tsayawa ana karanta buhu a ƙofata."

Ya san abin da take nufi. Rumbun da ɗan'uwan mace ya rushe ba a sake gina shi. Daga ran nan ta zama matar da ba a noma wa, ko a taron mata sai ta zauna a baya.

"In na cika, zai sake sayarwa?"

"Ban sani ba, Yaya. Wataƙila. Ba zan yi maka rantsuwa a kan zuciyar wani ba."

Da ta yi masa ƙarya, da ya fi samun sauƙin korarta. Ya dubi tarin, ya dubi kuvin da ke ɗaure a sandunanta, ya dubi ƙanwarsa da ke murza gwiwa. Ya tuna ranar da take kuka a ƙofar ɗakinsa yana kwance a kan irin doya. Ran nan ya hana ta ne don ta ci a shekara mai zuwa. Yau in ya hana ta, Towesi zai ci gaba da auna gishiri a kantinsa cikinsa ƙoshe, ita ce za ta zauna a bayan mata.

Ransa bai yi sanyi ba, ƙara ɓaci ma ya yi, don ya ga babu hanyar da zai bi ya taɓa mutumin nan ba tare da ya bi ta kan ƙanwarsa ba.

Ya ajiye ɓawon kodin ya miƙe, bayansa ya yi ƙara.

"Gobe da hantsi za a kawo," ya ce. "Ni zan hau in jera da kaina, ba zai taɓa ko ɗaya ba. Kuvin nan kuma ba ciki za ta shiga ba. A goshin rumbu zan rataye ta, can sama, da igiyar da ba ta kuncewa sai da wuƙa. In yana so ya datsa, sai ya kafa tsani a tsakiyar ƙauye da rana tsaka, kowa na kallo. Kuma zan tsaya a gaban mutane in ce doyar Ibowata ce."

"Ai ba a faɗa, tsoho," in ji Nakaiya. "Kowa ya sani. Cewa za a yi kana fariya."

"Su ce. Bara da na yi shiru me suka ce?"

Ibowata ba ta yi godiya ba, ba a godiya a kan wannan. Ta dai juya a karo na farko ta kalli tarin tun daga ƙasa har tsininsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta gefen nan ta ɗan karkace."

"Idonki ne ya karkace."

Ya ɗauki addarsa ya saɓa a kafaɗa, sai kuma ya tsaya, ya sauke ta ya miƙa wa matarsa.

"Ina kuma za ka babu adda?" ta tambaya.

"Buhunan nan ba za su fitar da kansu ba. Gara in je hannu sake, kada in tarar da shi a wurin." Ya nuna doyar da ya bari rabi a aske. "Ku ƙarasa waccan, kuma kada ku ƙwarzane mata fata."

Ya taka matakalar shinge ya sauka ɗaya gefen, ya kama hanyar ƙauye yana tafe yana magana shi kaɗai.