Daga Bakin Wa Ka Ji?

Har yau ban manta da ranar da na zauna gindin wata tsamiya a Kebbe ba, takardu jibge a cinyata, zuciyata ta ƙi yarda da abin da hannuna ya rubuta. Lokacin ba a daɗe da kafa Jihar Sakkwato ba, kuɗin mai ya shigo, ko'ina sai sabbin babura. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne, mai tattara bayanai a ƙarƙashin wani malamin jami'a, Dakta Umaru.

Ƙyanda ta yi ɓarna a bazarar nan, ana shirin zagayen rigakafi, hukuma kuma na son sanin ta inda labari ke isa ga mutanen karkara, don ta san inda za ta kai sanarwa. Ƙa'idar aikin ba wuya. Ka ƙirga gidaje, ka tsaya a na biyar, ka yi sallama da maigida, ka tambaye shi ina ya fara jin labarin allurar. A fom ɗin akwai gurbi huɗu: rediyo, mai gari, liman, malamin asibiti. Sai ka sa maki a ɗaya.

Tun daga Tambuwal, ta Dogon Daji, har Kebbe, kusan kowa rediyo yake ce mini. Ina ta murna aiki na sauri. Amma a unguwar da na kwana uku, rediyo biyu kacal na gani, ɗaya ma ba batir. Ga shi Dakta ya ce ranar Juma'a yake son takardu. In na miƙa su haka, a rediyo kaɗai za a yi sanarwa, yaran nan kuwa ba lallai su samu allura ba.

Sai na ajiye jaka, na bi wani dattijo da na riga na tambaya, Malam Garba, har gonarsa. Na karɓi fartanya na taya shi kunya biyu. Da muka zauna shan fura, na ce, "Baba, ranar nan wa ya kunna maka rediyon?"

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ni ina ni ina rediyo? Uwar ɗiyana ta hwaɗa min. Amma ƙaƙa nika ce ma ma'aikacin gwamnati ga mata nij ji?"

Ita kuma a bakin wa ta ji? A bakin Inna Kulu mai kitso. Na sake bin wasu magidanta a hankali, duk hanya sai ta ɓulle wurin tsohuwar nan.

Na je na gaishe ta, na faɗi buƙatata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Zamna bayan zana ka saurara. Amma kak ka rubuta sunan ɗiyar kowa." Ta kuma shaida wa matan da suka zo kitso cewa ga baƙo nan a waje.

Yinin nan kamar a mafarki na yi shi. An yi yayyafi da hantsi, ƙasa na ƙamshi, iska na kaɗa gero a bayan gari. Muryoyi na ratsowa ta zana, ba na ganin fuskar kowa. Daga batun suna a koma tsadar gishiri, wata ta yi guɗa. Ji nake kamar garin ne da kansa yake magana, ni kuma yau aka buɗe mini kunne. Can wata ta ce tana tsoron allura. Inna Kulu ta ce, "Jikana na Tambuwal an yi mishi. Zazzaɓin kwana guda, ga shi can shina guje-guje." Shi ke nan. Alƙalamina ma ban buɗe ba.

Sai ranar Litinin na isa ofis. Dakta ya haɗe rai.

"Malam Bello, ka san za a iya sallamarka kan wannan?"

"Na sani, yallaɓai. Amma fom ɗinmu ba shi da gurbin amsar gaskiya."

Na ba shi labari. Da na gama, sai ya ce a sake buga fom da fili a ƙasa don rubuta wata amsar, a kuma ɗauki mata biyu masu shiga gidaje. Da masu rigakafi suka zo Kebbe, bayan mai gari, gidan Inna Kulu suka fara sauka. An ce mini layin yara ya kai bakin rijiya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Mutanenmu ba maƙaryata ba ne, masu kara ne. In ka zo da takarda, za su ba ka amsar da ba za ta kunyata kowa ba. Ta gaskiyar kuwa sai ka zauna, ka sha furarsu, ka yi shiru.